Baffa Mai Cokali

Ina tashar Tsafe, na gama lodi ke nan zan juyo Gusau, sai wani direba da ya fito daga Bungudu ya leƙo ta tagar motata ya ce, "Sai haƙuri. Baffanka ya cika da asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau ban san yadda na kawo fasinjojin nan Gusau ba. Na sauke su, na miƙe Bungudu, na ratse hanyar ƙauyen, amma ko da na isa har an dawo daga maƙabarta. Ƙanen mahaifina ne, shi kaɗai ya rage mana a ɗakinsu, kuma ko ƙasa ban samu na zuba a kabarinsa ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki. Tabarmi sun cika zaure, sun fito har gindin darbejiyar da ke gaban disfensare, ƙaramin asibitin da ya yi aiki a ciki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mata sun fi maza yawa. Wasu daga Magami, wasu daga Wonaka, inda ya taɓa yin aiki kafin a maido shi ƙasar Bungudu, kowace da goyo ko da ɗa a hannu. Wata tsohuwa ta turo jikanta gabanmu, ta ce, "Ku dube shi da kyau. Wanga ɗa, ba don Allah ba don Mai Cokali ba, da ya daɗe cikin ƙasa." Wani dattijo kuma ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, "Ni har ƙara tai na kai wajen mai gari, don ya hana ɗana allura. Ga ɗan can, shi ya ɗauko ni bisa keke." Aka yi dariya, aka koma aka share hawaye.

Ni kuwa akwai abin da ya hana ni sakewa. Magidanta da ban taɓa gani ba, in sun zo kaina a layin gaisuwa, sai su riƙe hannuna su ƙura mini ido su ce, "Kai na direban?" In na ce ni ne, sai su dubi juna su yi murmushi. Sau nawa aka yi mini haka, sau nawa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Domin na san abin da na yi. Shekara huɗu da suka wuce na faɗa wa Baffa maganar da ɗa ba ya faɗa wa uba, kuma har ya koma ga Allah ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Na ɗauka labarin ne ya zaga ƙauyuka.

Bari in fara faɗin wane ne shi, don waɗanda ba su san shi ba, da kuma ’ya’yanmu da za su tashi ba su tarar da shi ba.

Gajere ne, baƙi, mai saurin tafiya kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Da tsintsiya ya fara aikin asibiti. Yana shara yana kallo, daga nan aka bar shi yana wanke gyambo yana ɗaure ciwo, har aka tura shi Gusau ya yi kwas ya dawo da farar riga. Mutanen ƙauye suna ce masa likita, shi kuwa kullum sai ya gyara musu: "Malamin disfensare dai." A aljihun rigar nan, inda ma'aikata ke soke biro, shi cokalin shayi yake sokewa. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa suna da ɗaurin aure. Tun ana ce masa Mai Cokali a bayan ido, har aka koma faɗa a gabansa, ya kuwa amsa.

Cokalin nan yana da asali. Shekarar da aka yi amai da gudawa, an kwashi ma'aikatan ƙauyuka an kai su Gusau su taimaka. Ya ce ya ga ranar da ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a jijiya ya ƙare, mutane na kwance a ƙasa ana kallonsu. Wata nas ta sa aka tafasa ruwa, aka zuba gishiri da sukari, ta ce a yi ta ɗura wa duk wanda ke iya haɗiya. Da idonsa ya ga waɗanda aka fid da rai da su sun tashi zaune. Daga nan ya dawo da magana ɗaya a bakinsa, bai sauke ta ba har ya mutu: yaro mai zawo ba zawon ke kashe shi ba, bushewa ce.

In aka kawo masa yaro, kafin ya amsa gaisuwar uwar ya riga ya ɗora yatsa a maɗigar yaron, ya tsunkuli fatar cikinsa ya saki, ya ga ko za ta koma. Sannan ya yi tambayar da ke ba mata haushi: "Yaushe rabon shi da fitsari?" Su fito suna gunaguni, wai sun kawo zawo ana tambayarsu fitsari. Sai ya zaunar da su a gindin darbejiya, ya auna dafaffen ruwa da kwalbar lemo, ya ɗebi gishiri da yatsu uku, ya jefa ƙwayoyin sukari, ya motsa, ya sa kowace ta ɗanɗana. "In ya fi hawaye gishiri, zubar ki sake," in ji shi. Ba wai ba shi da magani ba ne. Kabad ɗinsa akwai allura, akwai ƙwayoyi. In ya ga jini a kashin yaro ya san atini ne, nan take zai ƙirgo ƙwaya ya ba uwar, ya tsare ta da faɗa kan kada ta daina bayarwa don ta ga sauƙi. In yaro ya kasa haɗiya, da kansa zai tare mota a kai shi babban asibiti. Amma zawon ruwa, wanda aka fi kawowa, ko za ka kwana kana roƙo ba zai tsira wa yaro allura ba.

Wannan ya jawo masa baƙin jini, kuma gaskiya shi ma bai iya lallashi ba. Baffa yana da kaifin baki. Ya taɓa tarar da mai allurar kasuwa a Bungudu yana tsira wa yara allura ɗaya bayan ɗaya, yana ɗauraye ta a gwangwani. Ya kifar masa da gwangwanin a gaban jama'a, sai da dattawa suka shiga tsakani. Masu tallar kafso ja da rawaya a tasha kuwa, in sun hango kekensa sai su rufe tire da zane. Mu danginsa ma muna jin kunyar abin. Mukan ce ga namu a asibiti amma ba a morarsa.

A lokacin ina ganin kaina. Na samu mota ina jigila tsakanin Gusau da Tsafe, na auro yarinya ’yar Kucheri, Allah ya ba mu ’ya mace. ’Yar fari ce, don haka kamar yadda aka saba, ni da uwarta muna kunyarta. Ba ma kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ko kallonta ba na yi in da mutane. Maiɗakina ko nono za ta ba ta sai ta juya wa mutane baya, kamar mai sata. Duk abin da ya shafi yarinyar yana hannun mahaifiyata, Inna, wadda ke zaune tare da mu.

’Yar tamu tana da wata tara, ana tsakiyar zafin bazara, zawo ya kama ta. Inna ta duba ta ce, "Haƙori na. Kowane ɗa na yin shi. A dai bar ba ta ruwa, ruwan ga shi ka ƙara mata gudu. Nonon ma a ɗaga mata, ya yi zahi." Ba na ganin laifin Inna. Mu bakwai ta haifa, haka uwarta ta koya mata, kuma son jikarta ne ya sa. Da ta ga maɗigar yarinyar ta faɗa, ta kwaɓa wani garin magani ta liƙa mata a ka don ya jawo maɗigar sama.

Ni kuma na yi irin tawa bajintar. Na sayo kafso a tasha, da wata kwalbar magani mai zaƙi da mai tallar ya rantse tana tsayar da zawo nan take. Na tsaya daga bakin ƙofa na miƙa wa Inna, ban ko leƙa na ga fuskar mai ciwon ba. Zawo kuwa ya tsaya. Na koma tasha ina ba abokai labarin maganin. Abin da ban sani ba, cikinta ya kumbura, ta daina kuka, sai barci take yi da ido rabi a buɗe.

Rana ta uku da safe, na ɗauki makullin mota zan fita, sai maiɗakina ta sha gabana a tsakar gida. Yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi a gaban Inna. Ta ce, "Ɗiyar ga mutuwa za ta yi." Ran nan na fara jin ta ambaci ’yarta da bakinta. Na shiga ɗaki na duba yarinyar. Idanun sun zurma, leɓe ya bushe, ta zama kamar ba ita ba. Inna na tsoron babban asibiti, ta ce in dai za a kai ta wani wuri, to a kai ta wajen ƙanen mijinta. Ni ma na yarda, don a raina na ce namu ne, zai yi mata allura mai ƙarfi ba sai mun bi layi ba.

Da hantsi muka isa. Baffa ya karɓe ta ya shiga da mu ciki, taga a buɗe, mata na zaune a gindin darbejiya. Ya sa ruwa ya wanke abin da aka liƙa mata a ka. Ya tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma.

"Yaushe rabonta da fitsari?"

Maiɗakina ta sunkuyar da kai. Inna ta fara ba da amsa, ya katse ta. "Yaya, ba ke nit tambaya ba. Uwar ɗiya nika tambaya."

Da ƙyar muryar maiɗakina ta fito. "Tun jiya da sahe."

"Mi anka ba ta?"

Na fito da kwalbar da sauran kafson, ina jiran yabo. Ya sunsuna, ya miƙa hannu ta taga ya tuttular da ita a ƙasa. "Wanga shi ya kashe mata hanji ya sa ta barci. Kun hana ta ruwa, kun hana ta nono, kun ɗura mata wanga. Mi kunka rage?" Ya haɗa ruwansa a kofi, ya zaro cokali daga aljihu ya wanke, ya ɗiga mata a gefen baki. Muka zuba ido. Maƙoshinta ya motsa.

"Tana haɗiya," in ji shi. "Tunda tana haɗiya, nan za mu yi. In ta bari, ka tada mota mu kai ta Gusau a sa mata ruwa."

Na ce, "Baffa, allura za ka yi mata."

"Babu allurar da za ta maida ruwan da ya hita."

Na sake faɗa, ya sake ƙi. Tsoro ya cika ni, ga fushi, ga kunyar kwalbar da ya zubar. Sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi, "Dama mi ka sani? Kai ba likita ba ne. Mai shara ne anka ba farar riga. Ɗiyata na mutuwa kana ba ta ruwan sukari!"

Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Baffa ya tsaya da cokali a hannu. Mutumin da ke kifar da gwangwanin mutane a kasuwa numfasawa kawai ya yi, sannan ya dube ni.

"Ka gama? To zauna. Riƙe ta."

Na dubi Inna. Ban taɓa ɗaukar yarinyar nan ba, balle a gaban mahaifiyata.

"Ku aje kunyar ga bakin ƙohwa," in ji shi. "In ta warke ku ɗauki abinku." Ya ɗora mini ita a cinya, ya danƙa mini cokalin. "Cokali guda, ka karanta Ƙulhuwallahu ƙahwa guda, ka ƙara wani. Kada ka yi sauri, ba tuƙi na ba." Ya juya wajen maiɗakina. "Ke kuma in ta buɗe baki ki ba ta nono, nan gaban kowa."

Ba ta fi nauyin ’yar kaza ba. Hannun da ke juya sitiyari daga Gusau zuwa Tsafe sau huɗu a yini, ran nan cokalin shayi aka ba shi ya riƙe. Na ba ta, na karanta, na ƙara. Can ta amayar da duk abin da na ba ta, na ɗaga kai a firgice. Baffa yana ɗaure wa wani ƙafa, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Jira kaɗan, ka ci gaba." Inna ta fita waje ta yi kukanta, ta dawo ta ɗauki mafici tana yi mana fifita. Na tashi na yi azahar, uwar ta karɓi cokali, na dawo na karɓe abina. Baffa kan zo ya taɓa maɗiga, ya tsunkuli ciki, ya wuce. Ban san Ƙulhuwallahu nawa na karanta ba. Na dai san tun ina karantawa don auna lokaci har na koma karantawa ina roƙo.

Bayan azahar ta kama nono, ta ja sau biyu ta saki. Gab da la'asar sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Na duba, sabon wandona ya jiƙe sharaf. Baffa ya zo ya gani, ya kece da dariya har da tafawa. Da yake jikarsa ce, amarya yake ce mata. Ya leƙa taga ya ce wa matan da ke waje, "Amaryata ta yi wa direba wanka!" Yarinyar ta buɗe ido ta tsala kuka, kuka da hawaye. Ni ma na yi, a gaban Inna, a gaban kowa. Kwana biyu ya riƙe mu a gidansa, matarsa da muke kira Gwaggo tana dama wa yarinyar kunu, sannan ya sallame mu.

To, daga nan ne fa na kasa. Sau nawa na taso daga Gusau ina shirya maganar a raina, in na wuce Bungudu har na haddace ta. Ina isa sai ya tare ni da, "Direba, ina amaryata?" sai maganar ta maƙale. Na kai masa shinkafa, na kai masa goro, na sake wa kekensa taya. Ya karɓa ya sa albarka. Kalma uku kawai, Baffa ka yafe, su ne suka gagare ni shekara huɗu. Kullum ina cewa sai wani zuwan.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, na shiga cikin gida wajen Gwaggo. Tana zaune a kan tabarmar takaba. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, akwai maganar da nih hwaɗa ma Baffa ranar da munka kawo ɗiyar ga. Ban roƙe shi gahwara ba. Ga shi duk wanda ya zo sai ya ce ni na direban. Kowa ya ji."

Ta dube ni. "Wace magana?"

Na ɗauka kara take yi mini. Na daure na maimaita mata abin da na ce, kalma bayan kalma. Ta riƙe baki.

"Wallahi yau nij ji wagga magana," in ji ta. "Bai taɓa hwaɗa min ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Labarinka kam kowa ya san shi. Duk magidancin da ya zo shina hwaɗa sai an yi ma ɗanai allura, sai Malam ya ce, zauna in ba ka labarin ɗana direba. Ɗiyar hwari ce, amma ya aje kunya ya ɗauke ta bisa cinya, tun hantsi har la'asar shina ba ta ruwa da cokali, bai tashi ba sai salla. In direban Gusau ya iya, kai mi ka hi shi? Da labarinka ya zaunar da maza da yawa gindin iccen can."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro cokalin. Bakinsa ya cinye don yawan aiki. "Ya ce in ta Allah ta kasance a ba ka. Wai kai ka iya riƙon shi."

Na fito na kasa tsayawa a zaure. Na je gindin darbejiyar na zauna, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini ya rasu. Shekara huɗu yana ba da labarin ranar nan, ya cire abin da na yi masa, ya bar abin da ya sa ni na yi, ya kuma ce nawa ne.

Yarinyar yanzu ta shiga makarantar allo, har ta iya Ƙulhuwallahu. Cokalin yana aljihun rigata, kuma ’yan tasha sun fara tsokanata da sunansa, ina amsawa. Maganar da ya rufa mini, wanda ya fi kowa ikon faɗinta bai faɗa ba. Ni na rubuta ta yau da hannuna, don a san irin mutumin da muka rasa.

Baffa, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka jiƙa maƙoshin ’ya’yan mutane, Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Amin.